Gwanayen da Suka Ɗora wa Dodon Tokyo Nauyi

A fim ɗin Gojira na 1954 akwai daren da dodon ya fito daga teku ya doshi shingen wayoyin lantarki da aka kewaye bakin gaɓar Tokyo da shi. Ya ratsa shingen kamar mai ratsa yanar gizo-gizo, sannan ya hura numfashinsa, turakun ƙarfe suka yi jawur suka lanƙwashe. Wanda ke cikin dodon saurayi ne ɗan shekara 25 mai suna Haruo Nakajima. Turakun kuwa da kaki aka yi su, aka matso musu da fitilu masu zafi har suka narke. Na san wannan duka, amma duk sa'ad da na sake kallon wurin sai in ji ƙasa na girgiza. Dalili shi ne waɗannan mutane sun iya wani abu da ya fi ɗinka rigar dodo wuya. Sun iya sa ido ya ga nauyi.

Shekarar kanta a tsorace ta zo. Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada wani gagarumin bam a tsibirin Bikini, tokarsa mai guba ta zubo a kan wani jirgin kamun kifi na Japan, Daigo Fukuryu Maru, mai ɗauke da masunta 23. Mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu a watan Satumba. Mutane suka riƙa gudun kifi a kasuwa, a ƙasar da kifi ne cimarta, kuma shekara 9 kacal bayan bama-baman Hiroshima da Nagasaki. Furodusa Tomoyuki Tanaka na kamfanin Toho ya so a yi fim a kan wata halitta da gwajin bam ya taso daga ƙarƙashin teku. Amurkawa sun riga sun taɓa irin wannan da The Beast from 20,000 Fathoms a 1953, kuma a 1954 ɗin suka fito da Them!, inda tururuwa ta kai girman mota. Aka ba Ishiro Honda aikin darakta, mutumin da ya bi ta kufan Hiroshima a hanyarsa ta komawa gida daga yaƙi. Aikin ƙera abin da ido zai gani kuma aka danƙa wa Eiji Tsuburaya.

Tsuburaya masoyin King Kong na 1933 ne, kuma da son ransa ne da hanyar Willis O'Brien, wanda ya ƙera dodon wancan fim, zai bi: a ƙera ɗan mutum-mutumi mai gaɓoɓi, a ɗauki hoto ɗaya, a ɗan motsa shi, a sake ɗauka, hotuna 24 kafin a sami daƙiƙa ɗaya. Da ya buga lissafi da ma'aikatan da ke hannunsa, sai ya ga aikin zai ci wajen shekara bakwai, alhali 'yan watanni aka ba shi. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ya yanke shawarar a sa mutum cikin riga, a rage girman birnin maimakon a ƙara girman dodon.

Rage birni kuwa sana'arsa ce tun da daɗewa. A 1942 ya gina tashar jiragen ruwa ta Pearl Harbor 'yar ƙarama don wani fim na yaƙi. Don Gojira aka gina unguwannin Tokyo a kan ma'aunin ɗaya bisa 25, wato mutum mai riga ta kusan mita 2 ya zama halitta mai mita 50. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne ba a gina gidajen don su yi kyau kawai ba, an gina su don su rushe daidai. Kwali idan aka take shi lotsewa yake yi, gini kuwa tsagewa yake, ya zubar da rufi, ya ta da ƙura. Saboda haka aka yi amfani da filasta da katako da gilashi, aka raba cikin gine-ginen hawa-hawa, domin idan ƙafa ta sauka a ga hanjin gini ya fito. Kuma wuraren da 'yan kallo suka sani aka zaɓa: hasumiyar agogo ta kantin Wako a unguwar Ginza, da ginin majalisar dokoki. Kowane gini sau ɗaya ake rushe shi. In mai riga ya yi tuntuɓe ko mai kyamara ya makara, aikin kwana da kwanaki ya tafi a banza.

To amma ƙaramin gini da sauri yake faɗuwa, nan ne kuma asiri ya fi saurin tonuwa. Dutsen da aka saki daga tsayin mita 2 kan isa ƙasa cikin abin da bai kai kashi biyu bisa uku na daƙiƙa ba. Wanda aka saki daga mita 50 sai ya haura daƙiƙa uku. Ido ya san wannan ko da mai idon bai taɓa shiga ajin lissafi ba, shi ya sa da ka ga bango ya faɗi fat ɗaya za ka ce kayan wasan yara ne. Maganin shi ne a gudanar da kyamara da sauri fiye da yadda aka saba, ta ɗauki hotuna da yawa a daƙiƙa, sannan a haska su a majigi da gudun yau da kullum. Sai komai ya yi sanyin tafiya: ɓaraguzai su daɗe a iska, ƙura ta tashi a hankali, wutsiya ta yi shara kamar icen da aka sare yana kwantawa. Aka kuma ajiye kyamarar can ƙasa, daidai inda idon ɗan mutumin da ke tsaye a titi zai kasance, tana kallon sama. Ruwa da wuta su ne ba sa jin magana, domin ɗigon ruwa ba ya raguwa don an rage jirgi. Shi ya sa duhun dare da hoto baƙi da fari suka yi wa fim ɗin rana. Da yawan finafinan da suka biyo baya masu launi, waɗanda aka ɗauka da haske tarwai, sun fi shi fallasa kansu.

Sai mai rigar. An ƙera ta da gora da waya da roba mai kauri, nauyinta ya kai wajen kilo 100, ta farkon ma da ƙyar ake iya ɗaga ƙafa a cikinta. Kan Nakajima a wuyan dodon yake, yana leƙe ta wasu 'yan ramuka. Ga fitilun ɗaukar hoto suna gasa robar, ga hayaƙi, 'yan mintoci kaɗan yake iya yi kafin a zare shi, a juye gumin da ya taru a ciki. Shi da Katsumi Tezuka suka riƙa karɓa-karɓa. Ba a taɓa ganin dodo mai mita 50 ba balle a ce wa Nakajima ga yadda yake tafiya, don haka ya riƙa zuwa gidan namun daji na Ueno yana zura wa giwaye da sauran manyan dabbobi ido. Duk wanda ya kalli giwa ya san ba ta gaggawa, ƙafa takan sauka gaba ɗaya, jiki ya biyo baya, kai ya juya a makare. Irin wannan takun ya ɗauko, ya cire duk wani motsi da zai tuna wa mai kallo cewa ɗan Adam ne a ciki. Mutane kan ce ai mutum ne kawai cikin rigar roba, kamar wanda duk aka sa wa rigar zai iya. A ganina wannan wasan kwaikwayo ne mai wuyar gaske, domin an hana ɗan wasan fuskarsa da muryarsa, an bar masa kafaɗa da taku. Nakajima ya yi wannan aiki a finafinan Gojira 12, daga 1954 zuwa 1972.

Muryar kuwa mai kiɗan fim ɗin, Akira Ifukube, ya samo ta. An gwada kukan dabbobi bai yi ba, duk sai a gane zaki ne ko wani abu sananne. Sai aka shafa wa safar hannu ta fata ƙaro, aka goga ta a kan tsirkiyoyin babban gogen nan na Turawa mai kaurin murya, aka rage gudun sautin. Abin da ya fito bai yi kama da kukan wata halitta da Allah Ya nuna mana ba, ya fi kama da ƙarfe yana tsagewa.

Duk wannan gwaninta da ba ta wuce abin kallo ba in da Honda bai san inda zai ajiye ta ba. Fatar dodon mai kurji-kurji tana tuna tabon ƙunar waɗanda suka tsira daga bam. Bayan an gama rushe birnin, sai kyamara ta shiga asibiti, mutane kwance a ƙasa, likita na kara wa yaro na'urar auna gubar nukiliya tana ƙara. Kafin nan an nuna wata uwa ta rungume 'ya'yanta a gindin gini, wuta ta kewaye su, tana rarrashinsu da cewa sun kusa tarar da mahaifinsu. Da yawan waɗanda suka cika gidajen silima daga 3 ga Nuwamba 1954 sun ga Tokyo ta ƙone da idonsu a Maris 1945. Gidajen filasta ne a majigi, amma su sun san yadda na gaske suka ci wuta. Da aka kai fim ɗin Amurka a 1956, aka datse wasu wurare aka cusa ɗan wasa Raymond Burr a matsayin ɗan jarida, sai nauyin ya ragu, ko da yake da wannan sigar ne Gojira ya zaga duniya da sunan Godzilla.

Tsuburaya ya rasu a 1970, Nakajima a 2017. A 2024 fim ɗin Godzilla Minus One na Takashi Yamazaki ya ci kyautar Oscar ta gwanintar haɗa hoto. Da kwamfuta aka yi dodonsa, babu kowa a cikin riga, kuma da sun so da sun sa shi ya yi gudu ko tsalle. Sai suka bar shi a mita 50 da 'yar ɗoriya, suka dawo da kiɗan Ifukube, suka sa shi ya ratsa Ginza yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, a hankali.