Kunnen Malamin Allo

A makarantar allo babu takardar jarrabawa, babu katin sakamako, amma malam zai iya gaya maka inda kowane yaro ya tsaya a karatunsa. Yara na zaune a gabansa, kowa na rera nasa darasin da ƙarfi, wani yana Nasi, wani ya kai Sabbi. A cikin wannan hayaniya sai ka ji malam ya kira sunan yaro guda ya gyara masa wasali, ko kai bai ɗaga ba.

Awon yana bin matakai. Yaro kan fara da haddar Fatiha da gajerun surori da baki. Daga nan sai babbaƙu, inda ake rubuta masa haruffa ba wasali, yana kiran su da sunayensu na Hausa: am baki wofi, ha kuri, lam ara, mim jaye. Sai farfaru, wato wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a da ɗauri. Bayan nan ya shiga haɗa baƙi da wasali har kalma ta fito.

Ba a tsallake mataki, kuma hukuncin yana kan allon kansa. Yaro zai durƙusa ya biya abin da aka rubuta masa. In ya kawo shi daidai, a ce ya je ya wanke, a yi masa ƙari. In ya yi tuntuɓe, rubutun na nan sai gobe.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne rarrabe mai gane baƙi da mai bin amo. Yaro mai kaifin kunne kan haddace darasi daga bakin na kusa da shi, ya zubo shi tas alhali bai san harafi ko ɗaya ba. Malam sai ya ɗora yatsa a tsakiyar layi ya ce, "Wannan fa?" Nan take gaskiya ta bayyana.

Masana ilimin boko ma sun yarda da wannan hanya. Gwajin EGRA, wanda aka ƙirƙiro a 2006 kuma aka gudanar da shi da Hausa a firamaren Bauchi da Sakkwato, yakan zaunar da yaro shi kaɗai ya karanta da baki, ana saurare ana ƙirga abin da ya faɗa daidai cikin minti guda. Ƙaramin yaro bai iya bayyana iliminsa a takarda ba tukuna, dole sai an saurare shi.