Kwaɗo ko Mai Gadi: Sharhi a Kan Tantance Shafukan Wikipedia

An gina Wikipedia a kan alkawarin cewa kowa na iya gyara kowane shafi. A shekarar 2005 aka jarraba wannan alkawari, lokacin da wani ya cusa ƙazafi cikin tarihin ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler, ƙaryar kuma ta shafe watanni ba a cire ta ba. A ƙarshen shekarar aka fito da tsarin kulle wasu shafuka, ta yadda marasa rajista da sababbin shiga ba za su iya taɓa su ba. Kwaɗo ya rage ɓarna, sai dai bai san bambanci tsakanin maɓarnaci da malamin da ya zo gyara kuskuren kwanan wata ba.

Wikipedia ta Jamusanci ta bi wata hanya daban tun daga watan Mayun 2008. A can ba a hana baƙo rubutu. Ana ajiye gyaransa a gefe, mai karatu na ci gaba da ganin sigar da aka riga aka amince da ita, har sai wani amintaccen edita ya duba sabon gyaran. Ta Ingilishi ta gwada makamancin wannan a 2010, ta kuma tabbatar da shi a Disamban 2012, amma ga zaɓaɓɓun shafuka kaɗai.

A ganina wannan tsari ya fi kullewa adalci, domin yana hukunta rubutu ne bayan an karanta shi, alhali kwaɗo yana yanke wa marubuci hukunci tun bai ɗauki alƙalami ba. Duk da haka ina da ja a kan abubuwa biyu.

Na farko shi ne jinkiri. Masu tantancewa 'yan sa-kai ne, ba albashi ke zaunar da su ba. Idan gyara ya yi makonni yana jiran mai dubawa, to shafin a kulle yake, sunan kawai aka sauya. Wanda ya gyara kuskure bai ga gyaransa ya fito ba, da wuya ya sake dawowa. Wannan ya fi zama barazana ga ƙananan rassa irin na Hausa, inda hannuwa ba su da yawa.

Na biyu shi ne ma'anar amincewar kanta. A tsarin Jamusawa, alamar tantancewa tana nufin ba a ga ɓarna a fili ba. Ba ta shaida cewa bayanin gaskiya ne. Ƙaryar da aka rubuta cikin natsuwa da kyakkyawan nahawu na iya wucewa, ta kuma samu hatimin da zai sa ɗalibi ya kwafe ta hankali kwance.

Saboda haka ina goyon bayan tantancewa bisa sharuɗɗa biyu: a ƙayyade wa'adin da gyara zai yi yana jira, a kuma bayyana wa mai karatu a saman shafin abin da aka duba da abin da ba a duba ba.