Hoton Minna Mai Faɗi: Ina Mutanen?

Jama'a, mun zauna mun duba dogayen hotunan Minna da wani yaron unguwarmu ya ɗauka da kyamarar fim ta Rasha mai suna Horizon. Idonta juyawa yake daga gefe zuwa gefe, shi ya sa faɗin hoton a jikin fim ya kai milimita 58, alhali na kyamarar da muka saba 36 ne.

Wanda ya fi burge mu shi ne na tashar jirgin ƙasa. Layin dogo ya ɗan lanƙwasa, aikin juyawar idon ke nan, amma ga 'yan dako, ga mai shayi, ga masu talla, kowa da sabgarsa. Wannan dogon, da ya kai Kano a 1911, shi ya jawo kakannin da yawa daga cikinmu garin nan. Madalla da wannan.

Amma na kan dutse, gaskiya bai yi mana ba. Rufin kwano ne birjik har Bosso, babu mutum ko ɗaya. Daga can sama kwatar Ƙetaren Gwari da ke cika duk damina ta ɓace, sai ka ce ƙalau muke. In mahukunta suka rataya irinsa a ofis, me zai tuna musu da mu?

Hoto shaida ne, shaida kuwa amana ce. Yaro, sauko ƙasa ka ɗauki layinmu yadda yake, amma ka nemi izini kafin ka haska matan mutane. Allah ya yi wa sana'arka albarka.