Tauraro ne ya dusashe, ko hazo ne?

A ƙarshen 2019 jan tauraron nan Betaljus, wanda ke kafaɗar gungun taurarin Jauza'u, ya fara dusashewa. Zuwa Fabrairun 2020 haskensa ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku. Nan da nan intanet ta ɗauka: kowa ya ɗora zanen hawa da saukar haskensa, wai yau ko gobe zai fashe. Bai fashe ba. Ashe ƙura ya fesar, ita ta tare mana shi.

Mu da ke Yelwa a Mubi bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Lokacin da Jauza'u ke tsaye bisa kanmu da dare, lokacin ne hunturu ke turnuƙe gari har duwatsun Mandara su ɓace. Wanda ya saba duban wata ya san ido na yaudara.

Abin da ke damuna da sabbin masu sha'awar taurari shi ne gaggawar fassara. Mutum ya sauke manhaja a waya, ya ga layi ya ɗan lanƙwasa, sai ya zama mai fatawa. Haka aka cika mana kunne cewa tauraron T Coronae Borealis, da ya haska a 1866 da 1946, zai maimaita a 2024. Shekarar ta wuce shiru.

Alhali aikin bibiyar hasken tauraro na haƙuri ne. Za ka gwada tauraron da maƙwabtansa biyu masu tsayayyen haske, ɗaya ya fi shi, ɗaya bai kai shi ba, ka rubuta kiyasinka da rana da sa'a. Idan hazo ne, duka ukun za su dusashe tare. Da ido kawai John Goodricke, matashi kurma a Ingila, ya nuna a 1783 cewa tauraron Algol (Larabawa suka raɗa masa suna, Ra'asul Gul) na dusashewa duk bayan kwana uku ba kaɗan. Ƙungiyar AAVSO ta Amurka kuwa tun 1911 take tara irin wannan kiyasi daga 'yan sa-kai.

Ɗaliban jami'ar jiha da na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan Mubi, daren da aka ɗauke wuta ku fito da littafi da biro. Ku fara da Algol, ku cika wata uku kuna rubutawa kafin ku ce mana komai.