Karatun Baƙar Roba

Duk girman motar gida, abin da ke haɗa ta da ƙasa bai wuce tafin hannu huɗu ba. Inda kowace taya ke taɓa kwalta kusan faɗin tafin babban mutum ne, kuma a nan birki da kwana da kauce wa rami suke ƙarewa. Direbobin hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe da Kwatarkwashi ta shiga Gusau, ta fita ta Bunguɗu ta nufi Talatar Mafara da Sakkwato, sun san haka a jikinsu ko ba su taɓa aunawa ba. Shekarun nan ma rashin tsaro ya ƙara musu dalili. Ba mai fatan taya ta fashe masa tsakanin Yankara da Tsafe rana na shirin faɗuwa.

Akwai wani dattijo mai faci a Gusau da nake kai wa mota. Kayan aikinsa ba su da yawa: injin iska, geji, jak, sifana, liba biyu, guduma, bahon ruwa, guntun sabulu, sai alli da ke maƙale a bayan kunnensa. Wasu na kiran masu sana'ar bulkanaiza, sunan da ya samo asali daga dabarar dafa roba da farar wuta don ta yi ƙarfi, wadda Charles Goodyear ya yi wa rajista a Amurka a 1844. Shi dai Baba mai faci ake ce masa. Sai dai faci ne mafi ƙanƙantar abin da ya iya. Aikin da ke sa in zauna a bencinsa in manta da sauri shi ne ranar da aka zo sayen taya aka ce ya zaɓa.

Ba ya fara duban sababbi. Tsofaffin da ke jikin motar yake zagayawa, ya tsuguna gaban kowace, ya shafa zanenta da tafin hannu daga waje zuwa ciki, ya dawo daga ciki zuwa waje. Zane shi ne kwarmin da aka tsattsaga a fuskar taya, kuma yadda ya cinye labari ne. Idan tsakiya ya suɗe gefuna na nan, an daɗe ana cika mata iska. Idan gefuna biyun ne suka tafi suka bar tsakiya, da ƙarancin iska ta yi ta tafiya. Idan gefe ɗaya kawai ya cinye, ƙafafun motar sun karkace, sai an kai ta wurin masu alaimen, wato masu daidaita ƙafafu, in ba haka ba sabuwar ma haka za ta ƙare. Idan kuwa hannunsa ya ji tudu da kwari, tudu da kwari, sai ya danna gefen motar ya saki ya ga sau nawa za ta yi lilo, don shakazoba yake zargi, abin nan da ke shanye girgizar rami. Na sha ganin mai mota ya zo da kuɗin taya, Baba ya tura shi wurin bakanike tukuna.

Sai tambaya. "Malam, ina kaka zuwa da ita? Mi kaka ɗauka?" Wanda motarsa ba ta wuce Tudun Wada zuwa Samaru daban, mai Sharon da ke lodin fasinja da buhunan masara daga Tsafe daban.

Daga nan ya buɗe ƙofar direba ya leƙa jikin ginshiƙinta. A yawancin motoci akwai 'yar takarda manne a wurin, wadda kamfani ya rubuta girman taya da yawan iskar da ta dace. Mutum sai ya shekara goma yana shiga yana fita ta wannan ƙofa bai taɓa lura da ita ba. Baba bai yi boko mai nisa ba, amma lambobin nan yana karanta su kamar yadda ɗan kasuwar hatsi ke karanta tiya. Ɗauki wadda ake yawan gani a Corolla: 195/65 R15 91H. Lamba ta farko faɗin taya ce, milimita 195. Ta biyu tsayin gefenta ne daga bakin wili zuwa zane, kashi 65 cikin 100 na faɗin, wajen milimita 127 ke nan. R na nufin zaren da ke cikinta a gicciye aka shimfiɗa shi daga baki zuwa baki, ƙirar da Michelin ya yi wa rajista a Faransa a 1946. Shi kuma 15 faɗin wili ne da inci.

A kan lamba ta biyun ne yake yawan jayayya da samari. Yaro ya ga mota a Facebook da manyan wili da siririyar taya, ya zo yana son irinta. Gaskiya ne gajeren gefe ba ya lanƙwasa sosai a kwana, don haka sitiyari ya fi jin magana. Amma gefen nan shi ne matashin da ke tsakanin wili da rami. A titin da ba shi da tabo ana iya rage shi. A hanyar da damina ke ɓarke wa kwalta kowace shekara, rami ɗaya ya isa ya lotsa wili ya fito wa taya da ƙullutu. Baba kan ce a bar mota da takalmin da aka haife ta da shi.

Lambobi biyu na ƙarshe su ne waɗanda mutane suka fi tsallakewa. 91 alama ce ta nauyin da taya ɗaya ke iya ɗauka, kilo 615, huɗu ke nan kilo 2,460 har da nauyin motar kanta. H kuma iyakar gudun da aka gina ta ta jure, kilomita 210 a awa. T 190 ne, V 240. Ba don a yi wannan gudun ake duba harafin ba. Tayar da aka gina don babban gudu ta fi jure zafin da ke taruwa a cikinta. Su bas-bas irin Hiace tasu tayar daban ce, za ka ga 195R15C, C ɗin na motar kaya da haya, mai kaurin jiki. Sa wa bas tayar ƙaramar mota don ta fi sauƙin kuɗi, wannan ko an roƙe shi ba ya yi.

Sai shekaru. Yana mirgina tayar a hankali har ya sami inda aka rubuta DOT, ya bi layin da yatsa zuwa lambobi huɗu na ƙarshe, ya shafa alli a kai su fito fari. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tun shekarar 2000 haka ake rubutawa. Roba na tsufa ko ba a taka ta ba, ta bushe ta tsattsage, kuma rana irin tamu na gaggauta mata. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana jan kunnen direbobi kan tayar da ta haura shekara huɗu da ƙerawa. Abin ya ƙara nauyi tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Ikeja a 2008. Kusan duk tayar mota da ke kasuwarmu yanzu ta ƙetaro teku ne, ta kwana a tashar jirgi, ta kwana a sito, kafin ta hau tirela zuwa Arewa. Sai ka ga taya fil a leda alhali ta tsufa.

Yanzu ga inda ilimin ya fi daɗi. Turawa na da tayar zafi, da tayar ƙanƙara, da wadda suke kira ta kowane yanayi, irin da Goodyear ya fitar da sunan Tiempo a 1977 don mutum ya huta da canji sau biyu a shekara. Yawancin na kowane yanayin na ɗauke da alamar M+S, wato laka da dusar ƙanƙara. Mu yanayinmu ba nasu ba ne. Namu shi ne bazarar Afrilu da zafi ke haura digiri 40 kwalta na ƙuna, da ruwan Agusta da ke kwanciya a hanya, da ƙurar hunturu, da laka idan an sauka kwalta za a shiga ƙauye. Tayar kowane yanayi a Zamfara ita ce mai jure wuta, mai korar ruwa. Don haka yake neman wasu ƙananan haruffa da ake bugawa a gefen tayoyi da yawa. Na jure zafi A ne ko B ko C, kuma A yake so. Na riƙon jiƙaƙƙen titi AA ne, A, B ko C. Abin da yake gudu kamar maciji shi ne hoton dutse mai kai uku da furen ƙanƙara a ciki, idan ya haɗu da zane mai ƙananan tsagu rututu da roba mai laushi a ƙarƙashin farce. Wannan tayar hunturun Turai ce, ana samunta jibge a cikin gwanjo, zanenta zuru-zuru gwanin sha'awa. An yi robarta don ta yi taushi cikin sanyi. A zafin Bunguɗu sai ta yi laƙwas, mota ta riƙa rawa a kwana, zanen ya narke da wuri.

Ba kowa ke da kuɗin sabuwa ba, kuma Baba ba ya raina mai sayen gwanjo. Ya dai fi daɗewa a kanta. Ya juya ta ga hasken rana ya leƙa cikinta, ya zagaya da yatsu yana neman tsohon faci, musamman a gefe, inda faci ba ya riƙo. Ya tsaya a kanta da gwiwa ya ga ko tsagu za su buɗe. Ya duba leɓenta, inda waya ke kama wili, don masu shigo da kaya kan cusa taya cikin taya su rage kuɗin kwantena, leɓen ya lanƙwashe. Ya kuma duba ko an sake yanka mata zane da wuƙa mai zafi, wanda gefen kwarminsa ba ya fita sumul irin na kamfani. A cikin kwarmin akwai 'yan tudun roba da aka dasa da gangan, tsayinsu milimita 1.6. Ranar da fuskar taya ta zo daidai da su, ta gama aiki. Kwarmin nan magudanar ruwa ne. In ya cike, ruwa ba shi da wurin gudu, sai mota ta hau kansa kamar kwalekwale, sitiyari ya zama ado. Araha dai ba ta ado.

Duk wannan lokaci akwai masu zaman benci a ƙarƙashin dalbejiya, kowa da wayarsa, kowa da ra'ayinsa. Ɗaya ya taso ya harbi tayar da ƙafa ya ce lafiyarta ƙalau. Baba bai ɗago ba.

Idan biyu kawai za a saya, dole su zama iri ɗaya, girma ɗaya, zane ɗaya, su zauna a layi ɗaya. A nan ni ma na yi masa gardama da ya ce a sa sababbin a baya. "Baba, ai gaba ne ke da sitiyari da inji." Sai ya ɗauki liba ya kwantar a ƙasa ya tura gindinta gefe, kanta ya juyo ya kalle ni. Idan gaba ya zame, direba na ji a hannunsa, ya ɗaga ƙafa ya gyara. Idan baya ya zame a kan ruwa, kafin ya ankara motar ta juya. Daga baya na tarar kamfanonin taya ma shawarar da suke bayarwa ke nan.

Ɗaurin ma da ƙa'idarsa. Ya goge tsatsar bakin wili, ya shafa ruwan sabulu a leɓen tayar don ta zauna ba tare da liba ta ji mata ciwo ba. Ya duba ko akwai kibiya a gefenta, don wasu fuska ɗaya suke juyawa, in aka sa su a baibai sai su tara ruwa maimakon su kore shi. Ya ba ta iska har ta yi ƙara sau biyu, alamar leɓuna sun hau, ya tsoma ta a baho yana kallon ko kumfa zai taso. Noti kuma ba a jere yake ɗaure su ba, tsallake-tsallake yake yi kamar mai zana tauraro, don wili ya kwanta daidai. Iska ba da bugun guduma yake auna ta ba. Abin da takardar ƙofa ta ce shi geji zai nuna, galibi 30 da 'yan kai ga ƙananan motoci, ba 45 ko 50 da ake ɗura wa kowa a bakin tasha ba. Babbar lambar da ke jikin taya iyaka ce, ba umarni ba. Kuma da sanyin safiya ake awo, don tayar da ta sha tafiya iskarta ta kumbura, mai rage mata a lokacin zai wayi gari da ita a kwance.

Ya sauke jak, ya sake bin notin ɗaya bayan ɗaya da nauyin jikinsa, ya ce in wuce wurin masu balansin, wato masu daidaita nauyin taya, kafin in hau babbar hanya, in kuma dawo bayan kwana biyu ya taɓa su. Sannan ya juya ga yaronsa da ke miƙo masa allin da ya faɗi.

"Ɗana, karanto mini shekarar waccan."

Yaron ya tsuguna, ya tofa yawu a yatsa ya goge ƙurar.