Jinjina ga Masu Fitowa a Mugaye

Duk wanda ya taɓa zama gidan kallo a Gumel ko Maigatari, ya ji yadda ake tsine wa muguwar kishiya a majigi, zai shaida cewa jarumi ba ya haskakawa sai da azzalumin da ya tsone masa ido. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, wato Daso, ta rungumi wannan aiki mai wuya a Kano fiye da shekara 20, tana harara, tana murguɗa baki, tana haƙurin shan zagin masu kallo, domin jama'a su ga aƙibar zalunci su wa'azantu. Ta rasu ran 9 ga Afrilu 2024, cikin Ramadan. Allah Ya jiƙanta, Ya saka wa ire-irenta da alheri.