Daga Koke Zuwa Gaba: Yadda Bahaushe Ke Rarrabe Ɓacin Rai

Bahaushe ya ba kowane mataki na ɓacin rai sunansa. Wanda ya bi sunayen nan a tsanake zai tarar abu guda ne ke raba su: ko maganar ta isa kunnen mai iya gyara ta, ko ta maƙale a hanya.

A sahun gaba akwai kuka da koke. Talaka yakan kai kukansa ga mai unguwa, daga nan zuwa dagaci, zuwa hakimi, har gaban sarki. Mai koke bai zo da faɗa ba. Ya amince wanda ya tunkara ya fi shi iko, yana kuma kyautata masa zaton adalci, shi ya sa amsar da ake fata ita ce "an share masa hawaye". Ƙara ta fi wannan zafi, domin tana da wanda ake tuhuma, tana buƙatar shaidu, kuma alƙali ne ke yanke ta. Dalili ke nan da 'yan'uwa ke gudun ta, suna cewa "mu kashe maganar a gida". Ƙorafi kuwa yana tsakani. Na ƙasa yana yi wa na sama, abokin ciniki yana yi wa mai kanti, miji da mata suna yi wa juna. Shi ne ya fi yawo a bakin 'yan jarida a yau, musamman tun da gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Freedom, wadda ta fara aiki a Kano a 2003, suka buɗe wa jama'a ƙofar faɗin damuwarsu. Hukuma ma ta san da wannan buƙata, domin a 1975, zamanin Janar Murtala Muhammad, aka kafa hukumar sauraron koke-koken jama'a ta tarayya.

Sahu na biyu shi ne na maganar da ta rasa mai karɓa. Gunaguni ana yin sa ne ƙasa-ƙasa, bayan mai gida ya juya baya. Ƙunƙuni ya fi shi muni a idon manya, domin a gaban babba ake yin sa, sau da yawa haɗe da tsaki da zumɓura baki, kuma yaron da ya saba da shi ana ce masa marar tarbiyya. Mita ita ce nanata magana ɗaya har ta gundure mai ji. Habaici da gugar zana kuwa dabara ce ta wanda yake so a ji shi ba tare da an kama shi da laifi ba, shi ya sa suka yi gida a tsakar gidan kishiyoyi da bakin mawaƙan fada.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi wa kanmu adalci. Kalmar mita hukunci ce da mai sauraro ke yankewa, ba mai magana ba. Matar da ta yi shekara tana cewa rufin ɗaki na yoyo, sai a ce ta cika mita, alhali da an gyara tun daminar farko da ba ta maimaita ba. Ma'aikacin da ya tsufa yana bin haƙƙinsa na fansho, sai a ce ya faye ƙorafi. Da zarar an sauya wa koke suna, an sauke wa mai iko nauyin amsawa, an ɗora wa mai rauni laifin magana. Wannan shi ne a dake ka a hana ka kuka.

Sahu na uku ba ya fitowa baki sam. Haushi yana da wanda ake jin sa a kansa, kuma yakan wuce. Takaici yana zuwa ne idan an cuce ka ba ka da yadda za ka yi. In ya daɗe sai ya zama ƙulli, a ce wane ya ƙullaci wane, wato ya ɗaure abin a zuciya yana jiran rana. Mai wannan hali shi ake kira mai riƙo. Ƙarshen hanyar shi ne gaba, inda ko sallama ba ta shiga tsakani. Addini ya tsawatar a kan haka, domin hadisi ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku.

Kakanninmu sun fahimci haɗarin ta-ciki-na-ciki, shi ya sa suka yi wa fushi hanyar fita. Matar da aka ƙuntata wa tana yin yaji zuwa gidansu, miji kuma ya tura manya biko, a zauna a ji ta bakin kowa. Wasan taubasai da na jika da kaka suna ba mutum damar faɗin gaskiya mai ɗaci cikin raha. Ko haƙurin da muke yabo, ba a ba da shi sai an fara sauraro. Wanda aka ce wa "yi haƙuri" tun bai buɗe baki ba, an dai rufe masa baki ne kawai.

Don haka, maigida da shugaban ma'aikata da mai riƙe da sarauta, idan gunaguni ya yi yawa a ƙarƙashinku, ku bincika ko ƙofar koke ce ta toshe. Ku saurari kuka tun yana kuka, domin sasanta mai ƙorafi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan sasanta masu gaba.